Jagorar Sabon DJ: Daga Sayen Kaya Zuwa Riƙe Filin Biki

Duk wanda ya saba zuwa bikin aure ya san lokacin da DJ ya kwafsa. Ƙawayen amarya sun cika fili, rawa ta ɗauki zafi, sai kiɗa ya ɗauke ɗif, ko wata waƙar ta faɗo kan wadda ake yi kamar an kifar da kwanuka a tsakar gida. Kowa ya tsaya cirko-cirko, a waiwayo ana duban teburin mai kiɗa. Yawancin irin wannan abin kunyar tun daga gida ake ƙulla shi, filin biki wurin tonon asiri ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa fiye da rabin abin da zan faɗa a nan aikin ɗaki ne.

Mataki na farko: abin da za ka saya, da abin da za ka yi haya

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne su fara da manyan sifiku, don su ne ido yake gani. Bar su tukuna. Sifika ana hayarta a kowane gari, amma hannu da kunne ba a haya. Abu uku ne naka na kanka: kwamfutar cinya, kwantirola (na'urar da ake jonawa da kwamfuta ana sarrafa waƙoƙi da ita), da hedifon.

Kwantirola mai layi biyu, wato mai ɗaukar waƙa biyu a lokaci ɗaya, ta ishe ka shekara da shekaru. Pioneer DDJ-400 da ta fito a 2018 ta koyar da mutane da yawa, sannan DDJ-FLX4 ta gaje ta a 2022, ita kuma tana aiki da manhajar rekordbox da ta Serato. Akwai DDJ-SB3, akwai Numark Mixtrack, akwai na Hercules masu ɗan sauƙin kuɗi. Duk tsarinsu ɗaya ne: faifai biyu hagu da dama, miksa, wato wurin haɗa sautin biyun, a tsakiya. Da yawa daga cikinmu da VirtualDJ muka fara, muna jan waƙa da linzamin kwamfuta, kuma har gobe manhaja ce mai kyau. Ka zaɓi guda ɗaya ka zauna a kanta, tsalle daga wannan zuwa waccan ɓata lokaci ne.

In ta hannu za ka saya, ko a Sabon Gari ko a Alaba ta Legas, ka tafi da kwamfutarka da hedifonka. Ka jona, ka sa waƙa a kowane ɓangare, ka ja kowace feda, wato abin da ake turawa sama da ƙasa don ƙara sauti ko rage shi, a hankali daga ƙasa zuwa sama kana sauraro. In ka ji ƙaras-ƙaras ko sauti yana yankewa, ƙura ta cinye ta. Ka murɗa duk abin murɗawa, ka danna duk abin dannawa, ka jijjiga wayar USB a raminta ka ga ko za ta saki. Mai shago zai yi ta hanzarta ka, kada ka biye masa.

Kwamfuta ba sai mai tsada ba. RAM 8GB, ma'ajiyar SSD, da batirin da zai riƙe aƙalla awa ɗaya. Batirin nan shi ne zai cece ka ranar da inji ya yi tari. Hedifon kuwa ka nemi mai rufe kunne ruf, mai waya. Na Bluetooth yana da jinkiri, abin da kake ji ya riga ya wuce a sifika, ba za ka taɓa daidaita bugu da shi ba.

Ranar da ka tashi sayen sifika ko haya, lambar RMS za ka tambaya, ita ce take nuna ainihin ƙarfin sifikar. Dubban wat ɗin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali da sunan PMPO talla ce. Sifika mai amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a cikinta ta fi sauƙin sha'ani ga sabon shiga. In kuwa mai amfilifaya daban ce, ka riƙe wannan lissafin: sifika biyu masu ohm 8 (ma'aunin turjiyar sifika ga wutar lantarki) in an jona su tare kan layi ɗaya, jonin da ake kira parallel, sun koma ohm 4, in ka ƙara wasu biyu sun koma ohm 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa jure hakan. Nan ne ake jin ƙaurin ƙonewa ana tsakiyar taro.

Mataki na biyu: gyaran rumbun waƙoƙi

Wannan shi ne aikin da ya fi gundura, kuma shi ne ya raba gwani da ɗan koyo. Waƙar da ta bi ta wayoyi goma, aka tura ta WhatsApp, aka sake turawa ta Xender, ko aka tsamo ta daga bidiyo, a waya ba za ka gane lahaninta ba. Sai ta hau babbar sifika za ka ji ta kamar ana soya gyaɗa. Ka nemi MP3 mai 320kbps ko abin da ya fi shi, ka guji mai 128 in da hali. Ka kuma kula da waɗanda aka sauke daga shafukan intanet, sau da yawa akwai muryar tallar shafin a farko ko a tsakiya, ba ka so ta fito daidai lokacin da amarya take shigowa.

Ka saurari kowace waƙa tun daga farko har ƙarshe kafin ta shiga rumbunka. Wata daɗin kiɗa gare ta, amma a baiti na uku akwai batsa, ko habaicin kishiya, ko sunan ɗan siyasa. A ɗakin taron da iyaye da surukai suke zaune, baiti ɗaya ya isa ya sa ba za a sake kiranka ba.

Sannan ka kasa su bisa yadda biki yake tafiya: na zaman jiran baƙi, na shigowar ango da amarya, na cin abinci, na liƙi, na fitowar iyaye mata, na ƙawaye da abokai, na sallama. Kamu daban, dina daban, wunin mata a gida daban. Wanda ya tara waƙa dubu goma a jaka ɗaya bai fi mai ɗari uku da ya san kowacce ba.

Bayan nan ka bar manhaja ta auna su duka, ta fitar da BPM, wato yawan bugu a minti ɗaya, ta kuma shimfiɗa layukan bugu a kan zanen sautin. Kada ka yarda da ita ido rufe. Takan rubuta 75 a waƙar da take 150, takan kuma ɗora layin farko a inda ba nan ne bugun farko ba. Ka gyara da hannu. A kowace waƙa ka dasa alama aƙalla uku: bugun farko, inda murya ta shigo, da inda amshi ya fara. In ka gama, ka kwafe komai a filash guda biyu, ka kuma ajiye muhimman a waya.

Mataki na uku: ƙirga da haɗa waƙa

Nan ne zuciyar sana'ar. Yawancin kiɗan sutudiyo da muke sakawa a kan huɗu-huɗu aka gina shi. Ka sa waƙa ka ƙirga da ƙafarka: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka sake. Bugu huɗu gida ɗaya ne. Gida takwas, wato bugu 32, zango ɗaya. In ka kasa kunne za ka ji cewa a ƙarshen zango ne abu yake canzawa: murya ta shigo, ganga ta ƙaru, ko amshi ya tashi. A waƙa mai BPM 112, zango ɗaya daƙiƙa 17 ne da 'yan kai. Wannan ɗan lokacin shi ne ƙofar da za ka shigo da sabuwar waƙa. Ka yi kwana uku ba abin da kake yi sai ƙirga, ko a adaidaita sahu kake ka ji waƙa a rediyo ka nemo mata ɗaya.

Ga yadda ake haɗin. Waƙar farko tana tafiya a ɓangaren hagu, jama'a suna ji. Ka ɗora ta biyu a dama, fedarta tana ƙasa, kai kaɗai kake jin ta a hedifon. Ka ja fedar gudu har BPM ɗinsu ya zo ɗaya. Ka tsayar da ita a bugun farko. Ka ƙirga ta hagu, da zarar sabon zango ya zo, ka sake ta daidai kan ɗaya. Yanzu saurara da kunne ɗaya a hedifon, ɗaya a waje. In bugun biyu sun hau kan juna, za ka ji su kamar guda. In ka ji tafiyar doki, ƙutuk-ƙutuk, to ɗaya ta riga ɗaya. Ka ɗan tura gefen faifan gaba ko baya, kaɗan-kaɗan, har su haɗe. Gefen nake cewa, domin in ka taɓa saman faifan waƙar tsayawa za ta yi.

Akwai maɓallin SYNC da yake yin wannan aikin da kansa, kuma ni ban ga laifin amfani da shi ba. Laifin shi ne ya zama ba ka iya komai sai da shi, domin da layukan bugu yake aiki, in sun karkace shi ma ya karkace. Ka rufe fuskar kwamfutar da hankici, ka koyi haɗawa da kunne.

Da bugu ya daidaita, saura shigo da ita. Kowane layi yana da abin murɗawa uku: na sama mai kula da siririn sauti, na tsakiya inda murya take, na ƙasa mai bes, wato kaurin sauti. Bes biyu ba sa zama wuri ɗaya, in suka haɗu sauti ya dagule, sifika ta wahala. Don haka kafin ka ɗaga fedar sabuwar waƙa, ka murɗe bes ɗinta ƙasa. Ka ɗaga fedar a hankali cikin gida huɗu ko takwas. A farkon zango na gaba ka yi musaya: bes ɗin tsohuwar ya sauka, na sabuwar ya hau, lokaci ɗaya. Sai ka janye tsohuwar. In an yi shi da kyau, masu rawa sai sun yi nisa za su farga an canza waƙa.

To amma ga inda darussan da ake kallo a intanet ba za su taimake ka sosai ba. Su da kiɗan Turai suke koyarwa, mai BPM 120 zuwa 128, wanda aka bar wa DJ doguwar shimfiɗa ta ganga zalla a farko da ƙarshe. Waƙoƙinmu na Hausa ba haka suke ba. Mawaƙi yakan buɗe baki tun daƙiƙun farko, da kirari ko gaisuwa, ya yi ta baiti da amshi har ƙarshe. In ka yi dogon haɗi, murya biyu za su hau kan juna, kuma Bahaushe kalmomin yake bi, ba zai yafe maka ba. Abin da ya fi dacewa shi ne gajeren haɗi ko yanka. Ka jira amshi ya ƙare, a kan ɗaya na gaba ka sauke wannan feda ka ɗaga waccan a tare, sabuwar ta shigo daga amshinta ko daga inda gangarta ta fi ƙarfi. In kana so yankan ya yi laushi, ka sa eko a bugun ƙarshe na tsohuwar, wutsiyarta ta bi iska yayin da sabuwar take shigowa. Kada dai ka yanke mawaƙi a tsakiyar magana, musamman in jama'a suna bin baitin da baki.

Wata dabarar ita ce maimaici. In ka sami gida ɗaya ko biyu na kiɗa zalla a waƙa, ka kama shi da maɓallin LOOP ya yi ta zagayawa, ka ga ka ƙera wa kanka shimfiɗar da mai waƙar bai bar maka ba.

Tsofaffin waƙoƙin kalangu da na kotso da sauran kiɗan hannu kuwa, ka daina ƙoƙarin daidaita su da komai. Mutum ne ya kaɗa, gudunsa yana hawa yana sauka, kuma da yawansu a kan uku-uku suke tafiya, manhaja ruɗewa take yi. Ka bar wadda take kai ta sauka, ko MC ya yi magana, sannan ka sake ta daga farkonta da mutuncinta. Iyaye mata sun fi son ta haka.

Game da gudu: Afrobeats yawanci tsakanin 95 da 115 yake, amapiano kuma wajen 110 zuwa 115, shi ya sa suke shiga juna cikin sauƙi. Kada ka ja waƙa fiye da kashi 5 ko 6 cikin ɗari, misali daga 100 zuwa 106. Ka kunna makullin murya, wanda rekordbox take kira MASTER TEMPO, don kada mawaƙi ya koma muryar yaro. In tazarar ta yi yawa, kamar daga 95 zuwa 125, kada ka tilasta, yanka ko eko za ka yi. Manhajoji suna kuma nuna karin sautin da aka gina waƙa a kai, wato key, da lamba da harafi, irin 8A ko 9A. Masu lamba ɗaya ko maƙwabta sukan yi daɗi tare. Abu ne mai amfani, amma ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Ka riƙa naɗar atisayenka kana saurara washegari. Abin da ka ɗauka ya yi daɗi da dare, da safe za ka ji inda ya goce.

Mataki na huɗu: jan wuta ba ado ba ne

Fitilun da suke hawa da sauka a miksa, kore lafiya, ruwan ɗorawa iyaka, ja kuwa ɓarna. In sauti ya kai ja, kansa yankewa yake, ya fito a dagule, kuma shi ne yake ƙona ƙananan sifikun sama. Kowane layi yana da TRIM a can sama, da shi za ka daidaita ƙarfin kowace waƙa a hedifon kafin ka fito da ita, domin wata an naɗe ta da ƙarfi, wata a raunane. In ana so a ƙara ƙara, daga amfilifaya ko sifika ake ƙarawa. In su ma sun kai iyakarsu, kayan ne suka yi wa wurin kaɗan, murɗawa ba za ta haifar da wata sifikar ba.

Mataki na biyar: isa wuri da haɗa kaya

Ka isa aƙalla awa biyu kafin lokaci. Tambayarka ta farko ita ce wuta. Ka duba bayan kowace na'ura ka ga abin da take ja, ka tara, ka ƙara rabin jimlar a kai don samun sarari. Ka tuna injin da aka rubuta wa 5kVA abin da yake bayarwa wajen kilowat 4 ne. Ƙaramin janaretan shago ba zai ɗauki manyan sifikun bes ba. Ka roƙi a ba ka layinka kai kaɗai, kada a haɗa ka da firiza ko na'urar sanyaya ɗaki, domin duk sanda suka tashi wuta faɗuwa take. Ka sa sitabilaiza. Inji ya yi nisa da jama'a, a sarari, saboda ƙararsa da kuma hayaƙinsa mai kisa. Ka leƙa tankin da idonka, kada ka yarda da "akwai mai".

Wajen kunnawa, kwamfuta da kwantirola da miksa su ne farko, amfilifaya da sifiku su ne ƙarshe. Wajen kashewa a juya: sifiku su fara mutuwa. In ka saɓa, za ka ji "ɗum" ɗin da yake fasa sifika. Haka in za a sauya daga wutar NEPA zuwa inji, ka ce a sanar da kai ka sauke sauti.

Ƙananan kwantirola irin DDJ-400 da FLX4 ramin RCA kawai gare su, mai ja da fari. Wayar RCA in ta yi tsawo tana kwaso gurnani. Ka sa gajeriya ta shiga ƙaramar miksa a teburinka, daga nan wayar XLR mai ƙafa uku ta ɗauka zuwa sifiku, ita ko mita talatin ce ba ruwanta. Na taɓa shafe rabin awa a wani ɗakin taro ina neman inda wani "zuuu" yake fitowa, ina ta zargin masu hayar sifika, ashe cajar kwamfutata ce. Ina zare ta ya ɗauke. Tun ranar nake yawo da ɗan akwatin da yake raba wannan gurnanin, da cajar asali.

Sifikun sama a ɗora su kan ƙafa, su wuce kan mutane, in ba haka ba na gaba su kurmance, na baya ba su ji ba. Na bes a ƙasa. Kada ka saita su kan teburin iyaye. Makirfo kuma ya kasance a bayan sifiku, in MC ya gitta gabansu za a ji ƙugin nan mai tsinka kunne. Ka gaya masa iyakarsa tun kafin a fara, ka sa sabon batir a makirfo marar waya, ka ajiye mai waya a gefe. Wayoyin ƙasa ka manne su da salatif, yara da dogayen riguna ba sa ganinsu.

Mataki na shida: cikin fili

Kafin ranar ka zauna da masu biki. Wace waƙa amarya take so ta shigo da ita? Wacce ba a so a ji ko kusa? In an yi musu waƙa ta musamman mai sunayensu, ka matsa a turo maka kwana biyu kafin biki, a matsayin fayil, ka saurare ta, ka daidaita ƙarfinta. Sau tari ana miƙo ta a waya ango yana bakin ƙofa. Ka karɓi jerin abubuwan da za a yi daga MC, ku yi alamar hannu tsakaninku. In yana magana ka sauke kiɗa ƙasa sosai, ba sai ka kashe ba.

Idonka ya fi zama a kan mutane fiye da kwamfuta. In ka ga ana gyaɗa kai a kujeru, lokacin tashi ya kusa. In fili ya fara raguwa, kada ka jira waƙar ta ƙare. Kada kuma ka zazzage manyan waƙoƙinka ana cin abinci. Lokacin liƙi akasin haka ne: in gwaggon amarya ta fito da tawagarta, waƙar ba ta ƙarewa sai sun gama, ko da maimaici ko da komawa amshi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta, don haka wasu masu biki tire ko kwando suke ajiyewa, amma aikinka bai canza ba.

Za a zo maka da buƙatu. Wani yaro zai tsaya a kanka da waya yana cewa sai ka sa masa tasa. Ka yi murmushi ka ce "to, in ta samu wuri". Ta uwar amarya kuwa ba ta jira. Kada ka jona wayar kowa kai tsaye ba ka saurara ba.

Ka san lokutan salla na ranar, ka sauke kiɗa kafin ladan ya fara, ba sai an aiko ba. In a unguwa ne, ka tabbatar masu biki sun sanar da mai unguwa, ka kuma san ƙa'idar garin game da kiɗan biki da lokacin tashi, don wurare sun bambanta, kuma in aka zo kwashe kaya naka za a ɗauka. Maganar kuɗi a gama ta tun farko: kafin alƙalami, awa nawa, wa zai sayi mai, wa zai biya motar kaya.

Kunnenka shi ne jarinka. Ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata ita ce desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kacal. Filin biki yakan kai haka. Kada ka tsaya a gaban sifika, kada ka ƙure hedifon, ka sayi abin toshe kunne na makaɗa. In ka koma gida kunne yana maka "wiii", ya yi yawa ke nan.

In an tashi, sifiku za ka fara kashewa. Ka naɗe wayoyi a zagaye bisa yadda suke so su kwanta, kada ka nannaɗe su a gwiwar hannu, haka ne yake karya su ta ciki. Ka ƙirga su kafin mota ta tashi. A gida ka goge kwantirola da busasshen ƙyalle, ka bi ramukan feda da burushi mai laushi, ka rufe ta a jaka, musamman da hunturu. Kafin ka kwanta ka buɗe tarihin waƙoƙin da manhaja ta ajiye na daren, ka yi alama a waɗanda suka tayar da fili da waɗanda suka zaunar da mutane, ka mayar da kowacce jakar da ta dace da ita tun abin yana sabo a kanka.